Rikodin ginin kwaikwayon jirgin dakon mai Neosho

5 ga Afrilu

Yau na sayo katako, aiki ya tashi. Abin da zan gina shi ne kwaikwayon Neosho, jirgin dakon mai na sojan ruwan Amurka mai lamba AO-23, wanda ya yi wata biyar kacal a Yaƙin Duniya na Biyu kafin ya nutse. Tsawon jirgin na ainihi mita 169 ne, faɗinsa mita 23. Zan rage shi sau 200, wato tsawo santimita 84 da rabi, faɗi 11 da rabi. Daidai teburin zaure ke nan.

Masu irin wannan aikin hannu galibi jirage masu manyan bindigogi suke ginawa, ko masu ɗaukar jiragen sama. Ni kuwa shekara da shekaru na yi ina walda a jikin tankokin mai a nan Kaduna, saboda haka duk hoton rundunar jirage da na gani, a kan mai dakon mai idona ke fara sauka. Neosho na ɗaukar wajen ganga 146,000, lita miliyan 23 da ɗoriya. In da tankokinmu masu lita 33,000 ne, sai an jera wajen 700 kafin su kwashe lodinsa ɗaya.

Kuɗin yau: katakon malaina biyu naira 7,000, siririn filawud naira 5,500, gam ɗin katako naira 2,500, samfefa mai kaushi da mai laushi naira 1,800.

9 ga Afrilu

Zane da hotuna. Nan ne wahalar farko, domin jirage uku na dakon mai ne suka amsa wannan suna: namu AO-23, sai AO-48 da aka laƙaba wa sunan a 1942 bayan namu ya tafi, sai AO-143 na shekarun 1950. A intanet duk an cakuɗa su, kowa ya saka hoton da ya ga dama ya rubuta Neosho a ƙasa. Hanyar tantancewa ita ce lambar da ke goshin jirgi, in ba ta fito ba a duba siffar ginin da ke kan doronsa.

An gina namu a ma'aikatar Federal Shipbuilding da ke Kearny a jihar New Jersey. An aza ƙarfen farko ran 22 ga Yuni 1938, aka tura shi ruwa ran 29 ga Afrilu 1939, sojan ruwa suka karɓe shi ran 7 ga Agusta na wannan shekara. Sunan wani kogi ne da ya ratsa Kansas da Oklahoma, don a lokacin sunayen koguna suke ba jiragen dakon mai. Cikin tagwaye goma sha biyu yake, ajin Cimarron, waɗanda kamfanin mai na Standard Oil na New Jersey ya sa aka gina, gwamnati kuma ta biya kuɗin ƙarin ƙarfin inji don kada a bar su a baya in sun bi runduna. Shi ya sa suke da farfela biyu, suke gudun wajen kilomita 33 a awa, alhali tankokin ruwa na 'yan kasuwa a zamanin tafiyar hawainiya suke yi. Huɗu daga cikin sha biyun ma daga baya aka shimfiɗa musu fili a ka, aka mai da su masu ɗaukar jiragen sama: Sangamon, Suwannee, Chenango da Santee.

Amfanin wannan a gare ni shi ne zanen gangar jikin Cimarron zai yi mini aiki, tunda uwa ɗaya uba ɗaya suke. Amma hotunan 'yan'uwansa na 1944 da 1945 ba za su yi ba, an cika su da bindigogi da na'urorin da Neosho bai rayu ya gani ba. Siffarsa ta watan Mayun 1942 nake so.

Buga zane a babbar takarda, naira 4,000.

13 ga Afrilu

Na zana layuka a kan katako, na yanka falle shida da za a ɗora kan juna. Zafi ya hana aikin rana, sai bayan la'asar.

19 ga Afrilu

Gam ɗin da na sayo jabu ne. Na shafa, na ɗora fallayen, na matse su da kilam na bar su suka kwana biyu. Da na sa kurfi zan fara sassaƙa goshi, sai falle na uku da na huɗu suka buɗe baki, wuƙa ta shige tsakaninsu ba tare da na danna ba. Na kai wa maƙwabcina kafinta, ya lakata da yatsa ya shinshina, ya ce, "Alhaji, wannan ai an sirka shi da ruwa da sitaci. Kawo in ba ka nawa." Kwalbar kuwa da hatiminta da komai, ba yadda za a yi ka gane a shago.

Sai da na ɓamɓare fallayen ɗaya bayan ɗaya, na kankare busasshen gam da gilashi, na goge da samfefa har katako ya fito fari. Falle ɗaya ya tsage a wajen ɓamɓara, na sake yankansa. Mako ya tafi a banza. Sabon gam naira 4,500, kafinta ya ƙi karɓar ladan bakinsa.

23 ga Afrilu

Ya kama. Sassaƙa da goga. Tsakiyar jirgin akwati ne kawai, ba wuya. Bayan ne mai cin rai, inda ganga ke tsukewa ta bar wa farfela biyu wuri.

27 ga Afrilu

Na liƙa doron jirgi, na fitar da ramukan murfin tankuna. Ina wannan aiki ina karanta abin da ya faru a Pearl Harbor, tashar sojan ruwan Amurka da ke Hawai, kuma dole in rubuta shi a nan don ya taɓa abin da na sani da hannuna.

Bayan an gama yi masa kwaskwarimar soja a Filadelfiya cikin Yulin 1941, aikin Neosho shi ne jigilar man jirgin sama daga gaɓar yammacin Amurka zuwa Hawai. Ran 6 ga Disamba ya shiga Pearl Harbor da lodi, ya ɗaure a matsayar mai ta tsibirin Ford yana saukewa. Wannan matsaya a tsakiyar layin manyan jiragen yaƙi take: California a gefe guda, Maryland da Oklahoma a ɗaya gefen. Da safiyar Lahadi 7 ga wata, ana kammala sauke mai, gab da ƙarfe 8, jiragen Japan suka iso.

Wanda bai yi aikinmu ba zai ce ai da sauƙi tunda ya sauke. Duk mai walda ya san tankin da aka sauke yanzu ya fi cikakke haɗari. Fetur a ruwansa ci yake da wuta, amma tiririnsa da ya gauraya da iska a cikin tanki fashewa yake yi. Mu kafin mu kusantar da wuta sai mun wanke tanki da sabulu, mun cika shi da ruwa, mun bar murfi a buɗe, kuma duk da haka da addu'a a baki ake kunna tocin. Neosho kuwa ga tiriri a ciki, ga bututun da ya haɗa shi da rumbun man tsibirin, ga wuta tana ci a kan ruwa.

Kwamandansa, John S. Phillips, ya ce a tashi. Babu kowa a matsaya da zai kwance igiyoyi, sai aka sare su. Babu jirgin ja, sai ya yi baya-baya da injinsa, ya wuce Oklahoma da ƙyar, wanda a lokacin ya riga ya kife da mutane a ciki, 429 suka mutu a nan. Ya tsallaka ya je ya ɗaure a Merry Point, wata matsaya a cikin tashar. Mutum uku suka ji rauni daga harsashin wani jirgin sama, 'yan bindigarsa kuma suka ce sun kaɓo ɗaya. An ba Phillips lambar yabo ta Navy Cross saboda wannan. Akwai hoton da aka ɗauka daga tsibirin, California na nutsewa a gaba, can baya Neosho na janyewa cikin hayaƙi.

Abin mamaki, Japanawa ba su same shi da bam ko ɗaya ba, kuma ba su taɓa rumbunan man tashar ba, masu ɗauke da ganga miliyan huɗu da rabi. Idonsu na kan masu bindiga. Admiral Nimitz, kwamandan rundunar ruwan Amurka a Fasifik, da kansa daga baya ya ce da sun ƙone man nan da yaƙin ya ƙara shekara biyu.

Gobe zan fara ɗakin matuƙi na tsakiya da ginin baya.

30 ga Afrilu

Gine-gine uku sun tsaya: na goshi, na tsakiya, na baya mai bututun hayaƙi. Bututun daga guntun fayif na wayarin na yanko shi. Ba a kashe ko sisi ba.

3 ga Mayu

Bututai. Wannan ne ainihin jirgin, kuma shi ne zai ci mini lokaci fiye da komai. Daga goshi zuwa baya doron cike yake da bututai, da bawul-bawul, da siririyar gadar da mutane ke bi ta sama in teku ta hau doron, da dogayen turaku masu riƙe tiyo. Wayar tagulla ta tsohon koyil na miƙar na yi bututai, kan fil na yi bawul, robar ƙarin ruwa ta asibiti na shafa wa baƙi ta zama tiyo. Gadar da tsinken sakace da ragar sauro.

Jikana ya leƙo ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kaka, wai ina bindigar?" Na nuna masa inda 'yan kaɗan za su zauna. Ya taɓe baki ya fita.

Ga yadda suke aikin. Jirgin da ke son mai zai matso gefen mai dako, su jera suna tafiya tare a gudu ɗaya, tazarar 'yan mitoci tsakaninsu. A harba siririyar igiya, a jawo mai kauri da ita, sannan a miƙa tiyo a rataye daga turaku, a ɗaura, a buɗe famfo. Duk wannan teku na ɗaga su tana saukewa, kowa da nasa lokaci. In matuƙi ɗaya ya karkace kaɗan, ko tiyo ya tsinke baƙin mai ya wanke mutane, ko jiragen su gogi juna. Nimitz na cikin waɗanda suka fara wannan dabara tun 1917 a kan jirgin Maumee, suna shayar da ƙananan jiragen yaƙi a tsakiyar Atilantika a hanyarsu ta zuwa Ailan.

Akwai hoton Neosho na 1 ga Mayu 1942 yana shayar da Yorktown, mai ɗaukar jiragen sama. Igiyar ruwa ta hau doron ta rufe mutane har ƙugu, suna riƙe da igiya suna kokawa da tiyo. Daga wannan hoto na ɗauki tsayin gadar da wurin turaku, kuma irin wannan tsayuwa nake so kwaikwayona ya yi: tiyo a miƙe waje, ana kan aiki.

A farkon 1942 irin waɗannan jirage masu gudu ƙalilan ne a Fasifik, kuma an riga an yi asarar biyu daga cikin tsofaffi. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya nutsar da Neches ran 23 ga Janairu, abin da ya sa aka fasa harin da aka shirya mai ɗaukar jiragen sama Lexington zai kai wa tsibirin Wake, tunda babu mai shayarwa. Pecos kuma jiragen sama suka nutsar da shi kudu da Java ran 1 ga Maris.

Fil, sufa gulu da kwalbar baƙin fenti, naira 3,200.

7 ga Mayu

Ban taɓa katako ba yau, babu wuta tun jiya kuma idona ba ya ganin wayar tagulla da fitilar waya. Amma ranar ta yi daidai da ranar da aka buge shi, bari in rubuta.

Japan na son kama Port Moresby a Niugini ta ruwa. Amurkawa sun karanta saƙonninsu, suka tura Yorktown da Lexington Tekun Koral ƙarƙashin Admiral Frank Fletcher. Masu dakon mai biyu ne tare da su. Tsohon, Tippecanoe, ya juye abin da ke cikinsa aka sallame shi, ya rage Neosho kaɗai. Ran 6 ga wata ya shayar da Yorktown da jirgin yaƙi Astoria, da yamma Fletcher ya ga faɗa ya matso, ya ce ya ja kudu ya jira, tare da ƙaramin jirgin yaƙi Sims a matsayin ɗan rakiya. Nufinsa ya ɓoye shi. Ashe inda aka tura shi nan ne idon Japanawa zai fara faɗawa.

Wajen ƙarfe 7:20 na safiyar 7 ga wata, masu leƙen asiri daga Shokaku, jirgin Japan mai ɗaukar jiragen sama, suka hango jirage biyu, suka aika cewa sun ga mai ɗaukar jiragen sama da wani babban jirgin yaƙi. Yanzu da kwaikwayon ke gabana na tsaya a kan kujera na dube shi daga sama. Dogo ne, mai faɗi, doronsa a shimfiɗe. Ga matashin da ke tsoro, daga nesa, ta tsakanin gajimare, ban ga laifinsa sosai ba. Admiral Hara na Japan ya yarda da rahoton, ƙarfe 8 ya tashi jirage 78 daga Shokaku da Zuikaku: 18 masu faɗa, 36 masu sulalowa su saki bam, 24 masu topido, wato bam ɗin da ke gudu a cikin ruwa.

Suka iso suka tarar da tankar mai da ɗan rakiyarta. Suka yi ta shawagi wajen awa biyu suna neman manyan jiragen da aka ce, babu. Bayan ƙarfe 11 masu topido suka juya gida da kayansu, aka bar wa masu bam 36 su gama da abin da ke ƙasa. Bam uku suka sami Sims, ya karye biyu ya nutse nan take, cikin mutum 192 sha huɗu suka tsira. Bam bakwai suka sami Neosho, wani jirgi da aka harba kuma ya faɗo a kansa da wuta.

A daidai wannan safiya Amurkawa su ma rahoton kuskure suka bi, amma tasu ta yi kyau, suka ci karo da ƙaramin mai ɗaukar jirage Shoho suka nutsar da shi. Wato a safiyar da ƙarfin Japan gaba ɗaya ya kamata ya sauka a kan Yorktown da Lexington, a kan mai dakon mai ya ƙare. Washegari aka yi babban karon, Lexington ya tafi, Shokaku ya sha bam, aka fasa zuwa Port Moresby. Cikin abubuwan da suka sa Fletcher janyewa har da ƙarancin mai.

11 ga Mayu

Wuta ta dawo. Na yi ƙananan kwale-kwalen ceto biyu da zobban ceto, irin manyan nan masu raga a tsakiya da ake jefawa ruwa mutane su rataya. Kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Da wayar roba na naɗa su.

Wannan ɓangare na labarin ya fi tsaya mini a rai fiye da bama-baman. Neosho bai nutse ba. Jirgin mai ɗaki-ɗaki ne a ciki, kowane tanki da bangonsa, kuma da yawa an riga an sauke su, iska ce a ciki. Ya karkata dama wajen digiri 30, inji ya mutu, wuta na ci, amma yana kan ruwa. Phillips ya ba da umarni a yi shirin barin jirgi, a tsaya a jira. A cikin hayaniya maganar ta isa baya a matsayin a bar jirgi. Ga shi sun ga yadda Sims ya tarwatse a gabansu, ga shi sun san abin da suke zaune a kai. Mutane suka jefa zobba suka bi su. Da aka yi ƙidaya daga baya, fiye da 150 babu su. Iska ta kwashe zobban ta yi nisa da su, waɗanda suka tsaya a kan jirgin da ke ci da wuta su ne akasari suka rayu.

Sannan kafin rediyo ya mutu an aika da wurin da suke, amma lissafin ya kauce. Jirgin Monaghan ya je inda aka ce bai ga komai ba. Kwana huɗu suna shawagi, ƙarfen doron yana lanƙwashewa, masu ƙuna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ran 11 ga Mayu jirgin sama ya gan su, jirgin yaƙi Henley ya iso ya kwashe mutum 123, wato 109 na Neosho da 14 na Sims. Phillips ya nemi a nutsar da jirgin. Da topido da harsashin igwa aka ƙarasa shi da rana, aka wuce da mutanen Brisbane a Ostireliya.

Mutum biyu zan ambata. Oscar Peterson shugaban masu kula da tukunyar tururi ne. Yana da rauni, mutanensa duk sun faɗi, ya shiga shi kaɗai ya rufe bawul-bawul na tururi, ya ƙone fuska da hannuwa. Ya rasu ran 13 ga Mayu, aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka bayan ransa. Wanda ya taɓa riƙe ƙarfe mai zafi na daƙiƙa ɗaya ya san abin da ake nufi da murɗa bawul har ya rufe. Na biyu Henry Tucker, ƙaramin ma'aikacin jinya, wanda ya riƙa iyo daga zobe zuwa zobe da maganin ƙuna yana shafa wa mutane, ana ce masa ya hau ya ƙi don wuri ya ishi masu rauni. Ba a sake ganinsa ba. Dukansu an sa wa jiragen yaƙi sunansu.

16 ga Mayu

Na ɗaure zobban a jikin ginin baya da zaren ɗinki. A rana irin ta yau jirgin Helm ya tsinci wasu zobba da aka ɗaure wuri ɗaya. Mutum 68 ne a kansu ran 7 ga wata, babu ruwan sha. Huɗu aka samu da rai.

Farfela biyu daga gwangwanin madara, an yanka an murɗa.

24 ga Mayu

Babbar matsala. An yi ruwa kwana biyu a jere, zaure ya yi sanyi, katako ya sha danshi ya kumbura. Na shigo da safe na tarar da tsaga a gefen hagu, daga ƙarƙashin ɗakin matuƙi har kusan baya, tsawon tafin hannu biyu, daidai layin da fallaye suka haɗu. Bodi filar da na shafe gangar da ita ba ta motsi, katakon ƙarƙashinta kuwa yana numfashi, sai ta fashe ta ɗago kamar ɓawo. Doron ma ya ɗan bankare, ya tsinke bututai uku ya karkatar da gadar.

Kafinta ya zo ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce malainar ba ta gama bushewa ba aka sayar, zafin Afrilu ne ya rufa mata asiri. Shawararsa: kada in cike tsagar yanzu, in kai jirgin ɗaki mai iska in bar shi ya gama motsinsa, sannan in huda ƙarƙashi in rarake cikin don katakon ya rage ƙarfi, in shafe ciki da waje da sila kafin a sake fila. Wani abokina mai gyaran bodin mota ya ce in naɗe gangar da ƙyallen faiba da ruwansa, ba za ta sake tsagewa ba har abada. Gaskiya ne, amma kaurin zai cinye layukan da na sha wuya na fitar a baya, kuma kuɗinsa ya kusa na duk abin da na kashe. Na bi ta kafinta.

Na cire turaku da gada da duk abin da zai ciru, na jera a tire na rufe da ƙyalle, na gargaɗi yaran gida. Uwargida ta ba ni saman kabad ɗinta da sharaɗin kada ta ji warin fenti a ɗaki.

Sila naira 5,000, ƙaramin gwangwanin fila naira 6,500.

29 ga Mayu

Tsagar ta tsaya, ba ta ƙaru ba. Na rarake cikin, na shafa sila.

2 ga Yuni

Fila, goga, fila, goga. Gefen hagu ya koma sumul, sai ka sa farce kake jin wurin.

8 ga Yuni

Fenti. Na haɗa toka mai duhu da ɗan shuɗi, ƙarƙashi ja mai duhu, da baƙin layi tsakani. Na gwada fentin feshi a kan guntun robar ƙarin ruwa tukuna, ya narkar da ita ta yi danƙo, saboda haka tiyo da zobba da buroshi za a yi su da fentin ruwa. Ganga shafi biyu ta sha. Ba na so ya fito fes kamar sabo. Jirgin da ya yi wata biyar yana yawo tsakanin Hawai da kudancin Fasifik dole a ga tsatsa a bakin anka, da zirin baƙin mai a inda tiyo ke ɗiga. Da garin gawayi da jar ƙasa zan yi wannan, a shafa da auduga.

Jimlar abin da na kashe zuwa yau naira 48,500, har da fentin yau na naira 8,500.

Abin da ya rage: mayar da turaku da gada, gyara bututai ukun da suka tsinke, bindigogi, igiyoyi, lamba 23 a goshi. Sai akwatin gilashi, wanda mai gilashi ya ce naira 22,000, zan bari sai ƙarshen wata. Ina kuma tunanin gina Sims a gefensa a ma'auni ɗaya, tsawonsa zai kama santimita 53, tiyo ya haɗa su. In zan yi, katakon zan saya yanzu in ajiye shi a saman kabad har damina ta wuce.